Sabarka a ɗakinka: yadda ake ɗora rumbun bayanai da shafin intanet a akwatin NAS

Tun ranar 1 ga Yunin 2021 Google Photos ya daina ba da wurin ajiya kyauta marar iyaka. Yanzu duk hoton biki da bidiyon TikTok da ka ɗora, cikin 15GB ɗinka yake ci, kafin ka ankara an ce maka wuri ya cika, a kawo kuɗin wata. Shi ya sa masu harkar hotuna da sana'a ta waya suke waiwayar NAS, wani ɗan akwati mai faifan ajiya da ake jonawa a rautar gida, duk wayar da ke kan Wi-Fi ɗin ta iya shiga ta ɗauki fayil ko ta ajiye.

Abin da da yawa ba su lura da shi ba, akwatin nan kwamfuta ce sosai. Za ka iya ɗora masa rumbun bayanai da shafin intanet, ka riƙa lissafin kayan shagonka, ko ka koyi gina shafi ba tare da biyan kuɗin haya ko ƙona data ba.

Abubuwa huɗu da za ka saka

Bari mu ɗauki akwatin Synology, na wani kamfanin Taiwan, wanda ke aiki da manhajar DSM. Ka buɗe Package Center ka saka waɗannan:

Web Station, mai miƙa shafi ga duk wanda ya nema. Zai buɗe maka jakar fayiloli mai suna web, nan shafinka zai zauna.

PHP, harshen da WordPress da ire-irensa ke aiki da shi.

MariaDB, shi ne rumbun bayanan. Michael Widenius, ɗan ƙasar Finland da ke cikin waɗanda suka ƙirƙiro MySQL, shi ya fara shi a 2009, lokacin da Oracle ke shirin sayen kamfanin Sun mai riƙe da MySQL. Kyauta ne.

phpMyAdmin, tagar da za ka riƙa leƙa rumbun daga burauza.

Yayin saka MariaDB za a nemi kalmar sirri ta root, wato mai gida. Kada ka sa lambar wayarka ko ranar haihuwarka, don Allah. Daga nan ka shiga phpMyAdmin, ka buɗe sabon rumbu, ka ƙirƙiro masa mai amfani na daban wanda ikonsa bai wuce wannan rumbun ba. Sunansa da kalmar sirrinsa za ka ba WordPress, ba na root ba. Idan aka ce an kasa haɗuwa da rumbu, duba lambar ƙofa: MariaDB ya saba da 3306, amma a wasu akwatunan Synology 3307 yake. Sannan ka sa rauta ta tsayar wa akwatin da adireshin IP guda, kada gobe ka neme shi ka rasa.

Inda ake yin asara

Sakawa ba ta da wuya, awa ɗaya ta isa. Matsalar tana farawa ne ranar da ka ce bari in buɗe ƙofa a rauta don in riƙa shiga daga makaranta. A watan Afrilun 2021 wata muguwar manhaja mai suna Qlocker ta kulle fayilolin masu akwatin QNAP da ke buɗe ga intanet. A Janairun 2022 DeadBolt ta biyo baya, tana neman bitcoin 0.03 daga kowane mutum kafin ta saki kayansa. Synology ma ya sha nasa a 2014 a hannun SynoLocker. Garkuwa ce don kuɗin fansa, sai dai fayiloli ake kamawa.

To, kada ka buɗe wa duniya ƙofar MariaDB, ko phpMyAdmin, ko 5000 da 5001 na DSM. Kashe UPnP a rauta, rufe asusun admin da ya zo da akwatin, kunna tantancewa mai mataki biyu, kuma kada ka yi ƙiwar sabunta manhaja. In kana son shiga daga nesa, yi amfani da VPN irin Tailscale, wanda na'urorinka kaɗai yake bari su ga juna.

Sai batun wuta

Ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu yana iya lalata bayanai, har faifan kansa. Ka jona UPS ta USB, DSM zai tsayar da ayyukansa lafiya kafin batir ya ƙare. Idan aljihu bai kai kuɗin Synology ba, tsohuwar laptop da OpenMediaVault, wanda shi ma kyauta ne, za su yi aikin, kuma batirinta zai riƙe ta na ɗan lokaci.

Faifai biyu masu kwafin juna, wato RAID 1, suna cetonka ne idan ɗaya ya mutu. Amma in ka goge abu bisa kuskure, ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, duka biyun sun tafi. Ƙa'idar ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen gida. Duk mako ka fitar da kwafin rumbunka ta Export a phpMyAdmin, ka zuba a faifan waje, ka kai gidan yayarka ko abokinka. Kuma ka gwada mayar da shi ko sau ɗaya ne, tun kafin ranar da za ka buƙace shi da gaske.