Babu faifai, babu filas: yadda muka tashi kwamfutar Kawu a Bombuwaka

Bayan sallar isha'i wayata ta yi ƙara, ina Sokode. Kawuna ne daga Bombuwaka, kuma ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Ɗana, abar nan ta mutu. Yaron Dapango ya ce in kawo gobe ya yi mata fomat."

Na ce, "Kawu, littafin bashi fa?"

Ya yi shiru. Can ya ce, "Ai yana ciki."

Kawu yana saro atamfa da kayan masarufi daga Sinkase, yana ba ƙananan 'yan kasuwa na ƙauyukan kewaye bashi, su biya ranar kasuwa ko bayan kaka. Shekara uku ke nan 'yarsa ta kwashe lissafin daga littafin takarda ta zuba a Excel, cikin wata kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo da ya sayo a Lome. Sunan kowa, abin da ya karɓa, abin da ya rage, duk suna can, tare da hotunan bikin yayarta. Batirin ya daɗe da mutuwa, sai an jona take aiki. Ranar nan tana tsakiyar sabunta Windows aka ɗauke wuta. Da wuta ta dawo, sai ɗigo-ɗigon nan da ke zagayawa a baƙin allo, har gari ya waye.

Mai gyaran ya tambayi faifanta, babu. Kwamfutar ma ba ta da aljihun saka faifai. Shi ne ya yanke hukuncin fomat, wato ya share komai ya ɗora sabuwar manhaja. Ban ga laifinsa sosai ba, hanya ce mai sauri kuma yana da layin mutane. Amma ga ɗan kasuwa, fomat kafin a kwashe fayil daidai yake da cinna wa littafin bashi ashana.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kamfanoni sun daɗe da daina haɗa kwamfuta da faifan gyara. Kayan gyaran suna ɓoye a wani lungu na rumbun ajiyarta. Tun daga Windows 8, da ta fito a 2012, hatta lambar lasisi da a da ake liƙawa a ƙasan kwamfuta an koma dasa ta a cikin allon injin. Saboda haka wanda ya ce maka sai ka sayi sabon lasisi don kawai an sake ɗora manhaja, ka tambaye shi dalili.

Tsakanina da Kawu kusan kilomita 300 ne, don haka ta waya muka yi aikin, ƙanwata na dannawa ina faɗa mata. Na ce ta kunna, da zarar tambarin Windows ya bayyana ta danne maɓallin wuta har ta mutu. Ta maimaita. A kunnawa ta uku kwamfutar ta gane da matsala, ta buɗe shuɗin allon gyara da kanta. Wanda tasa ke kaiwa wurin saka kalmar sirri ba ya buƙatar wannan wahalar: ya riƙe Shift, wanda a madannan Faransanci ake rubuta Maj, ya danna Redémarrer.

Kafin mu taɓa komai, sai ceton littafi. Nan ne nake so mai karatu ya nutsu. A shuɗin allon akwai Dépannage, a cikinsa Options avancées, sannan Invite de commandes. Baƙin akwati zai buɗe. Ka rubuta notepad ka danna Entrée. A ɗan shafin rubutun da ya fito, ka shiga Fichier, ka zaɓi Ouvrir, ka sauya nau'in fayil zuwa Tous les fichiers. Sai ga duk kayanka a gabanka. Ka soka filas, wanda a nan muke ce wa kile, ka kwafa ka zuba. Ba filas na musamman ba ne, kowane iri ya yi. Namu na waƙoƙin maƙwabci ne aka aro. Ba ya nuna cewa yana kwafa, sai ka yi haƙuri ka jira. Da ƙanwata ta ce, "Yaya, ya shiga," na ji Kawu daga nesa yana ta hamdala.

Daga nan muka gwada mai sauƙi, Désinstaller des mises à jour, don a cire sabuntawar da ta tsaya a rabi. Sau da yawa nan take ake warkewa. Tamu ta ƙi. Restauration du système kuma ba ta sami wata tsohuwar ranar da za ta koma ba.

Sai babban maganin, Réinitialiser ce PC. A kwamfutocin da suka shigo ta Gana ko Najeriya za ka ga an rubuta Reset this PC. Zaɓi biyu ne, kuma a nan mutane ke halaka: Conserver mes fichiers yana barin takardu da hotuna, Supprimer tout yana share komai. Na farkon za ka danna. Na biyun na ranar da za ka sayar da kwamfutar ne. Bayan haka za ta tambaye ka ko ta sake gina Windows daga abin da ke cikinta, ko ta sauko da sabuwa daga intanet, zaɓin da aka ƙara a 2020. Saukowar tana cin sama da giga 4, kuma a allon gyara ba kowace kwamfuta ke ganin wayifai ba. A Bombuwaka, da datar waya, Réinstallation locale ita ce hankali.

Wani abin dariya: ta nemi kalmar sirri, ƙanwata ta saka sau huɗu tana ƙi. Ashe allon gyaran ya ɗauki madannan a matsayin na Ingilishi, inda A da Q suka yi musayar wuri, Z da W ma haka. Da ta sauya tsarin madannai sai ta buɗe.

Ban yarda a fara a daren ba. Aikin na iya cin awa ɗaya zuwa uku a tsohuwar na'ura, kuma in wuta ta sake tafiya a tsakiya, gara jiya da yau. Da safe suka kai ta shagon wani mai cajin waya da ke da sola da batir, aka jona. Kafin azahar ta tashi, littafin bashi na nan inda aka bar shi. Abin da ya tafi shi ne manhajojin da aka ɗora daga baya, har da Excel ɗin kansa. Windows tana ajiye jerin sunayensu a fuskar allo. A ƙarshe dai sai da Kawu ya hau babur zuwa Dapango, wurin yaron nan, ya mayar masa da su.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Kwamfutocin gwanjo da yawa an riga an share lungun gyaransu tun a hannun dillalai, an ɗora musu Windows ta ko-oho. Irin waɗannan sai an sami wata kwamfutar mai lafiya da filas na giga 8, a sauko da manhajar daga shafin Microsoft kyauta, a ɗora. Akwai kuma maɓallan kamfani da ake dannawa lokacin kunnawa, F11 a HP, Alt da F10 a Acer, F9 a Asus, ƙaramin maɓallin Novo a wasu Lenovo. A tsofaffin na'urori na zamanin Windows 7 waɗannan kan mayar da kwamfuta yadda ta fito daga masana'anta, fayil ko ɗaya ba ya tsira, don haka a karanta abin da allo ya ce kafin a amsa. In kuwa rumbun yana ƙas-ƙas kamar agogo, a kashe kawai a kai wa mai gyara, domin kowace kunnawa ƙara masa rauni take.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai neman lambar BitLocker, lambobi 48. Wasu kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai a kulle rumbunsu yake, lambar tana hannun tsohon mai ita. Ba tare da ita ba babu mai gyaran da zai ciro maka fayil, a Dapango ko a Lome. Mai sayen gwanjo ya sa a duba masa wannan tun a shago.

Ta Kawu Windows 10 ce, wadda Microsoft ta daina tallafa wa ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma injinta ya tsufa da ɗaukar Windows 11. Na faɗa masa. Ya ce zancen sabuwar kwamfuta sai bayan kaka, in masu bashi sun biya. Batir dai ya saya. Ƙanwata kuma duk Juma'a tana turo min littafin ta WhatsApp, ni ma yanzu na san wa Kawu ke bi a ƙauyukan Tanjuware.