Ching Tang da Hasken da Ke Fuskar Wayarka

Ya kai mai karatu, idan fuskar wayarka irin wadda ake kira OLED ce, to ka sani kana cin gajiyar binciken Ching Tang, masanin kimiyyar sinadarai da aka haifa a Hong Kong a 1947.

Tun kafin shi an san wasu sinadarai masu tushen kabon suna fitar da haske idan wutar lantarki ta ratsa su, amma sai an ba su wuta mai ƙarfi ƙwarai, don haka abin bai shiga kasuwa ba. A 1987, yana aiki a kamfanin Kodak a Amurka, shi da abokin aikinsa Steven Van Slyke suka ɗora shimfiɗu biyu siraran gaske a kan juna. Ɗaya tana ɗauko caji mai kyau, ɗaya tana ɗauko akasinsa, inda suka haɗu kuwa sai haske ya tashi, da wutar da ba ta kai bolt 10 ba.

Ta yaya ake gane tasirin mai bincike? Ana duba waɗanda suka yi gini a kan tubalinsa. A 1990 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila suka samar da irin wannan haske daga sinadaran roba, daga baya kamfanoni suka kai shi cikin wayoyi da talabijin. Tang ya koma koyarwa a Jami'ar Rochester a 2006, ya karɓi lambar yabo ta Wolf a 2011, da ta Kyoto a 2019.