Fowil da birkin inji: abin da ƙaramar giyar nan take yi a mota

A shirinmu na wannan mako mun taɓo motocin nan masu ja da ƙafa huɗu, waɗanda mutanen Najeriya ke ce wa fowil, mutanen Nijar da Kamaru da Chadi kuma su ce katkat. Su ne Hilux da Land Cruiser da kuke ɗora wa buhunan dusa da gishiri da awaki ranar kasuwa. Ko ba kai ke tuƙi ba, ranka da dukiyarka suna cikin motar, don haka ya kamata ka san abin da direba yake yi da hannunsa.

Duba gefen babbar giya, za ka ga wata ƙarama da aka rubuta wa H2, H4 da L4. A sababbin motoci maɓalli ne da ake murzawa. Idan tana H2, tayoyin baya kaɗai inji yake turawa, na gaba bi kawai suke yi. Wannan ita ce ta kwalta. Idan aka kai ta H4, an haɗa ƙarfin inji da tayoyin gaba, sai huɗun su riƙa ja tare. L4 ma huɗun ne, sai dai an rage gudu kusan ninki biyu da rabi, ƙarfin ja kuma ya ƙaru gwargwadon haka. Ba a shiga L4 mota tana gudu, sai an tsaya cak an taka kuloci. A tsofaffin motoci kuma akwai wani abin murzawa a tsakiyar tayoyin gaba, sai an sauko an kulle shi. In ba a kulle ba, ko an sa H4 aikin banza ne, tayoyin gaba ba su san ana yi ba.

To, ga inda ake yawan ɓata mota. A irin waɗannan motoci, da zarar an sa H4, gaba da baya sun zama kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya, dole su yi tafiya daidai. Amma a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa. A cikin yashi ko laka taya takan ɗan zame, bambancin ya tafi. A busasshiyar kwalta babu zamewa, sai ƙarafa su riƙa murɗa juna, sitiyari ya yi nauyi, taya ta cinye, wata rana kuma wani abu ya karye a ƙasa. Ka fito daga yashi ka hau kwalta, mayar da ita H2.

Kada kuma a ɗauka fowil ba ya kafewa. Tsakanin tayar hagu da ta dama akwai difiranshal, wanda ke barin kowace ta juya da nata gudun. Matsalarsa ita ce, in taya ɗaya ta faɗa inda babu riƙo, ita ce za ta yi ta walwala, 'yar'uwarta tana tsaye. Wasu motocin suna da makullin difiranshal don maganin wannan. Masu bin yashin Agadas zuwa Dirku kuwa sun san wata dabarar: a rage iskar taya ta ɗan baje, a sa fowil tun kafin a shiga wurin, ba sai an nutse ba. In an fito, a mayar da iskar, don taya mai ƙarancin iska tana zafi a kan kwalta.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Fowil yana taimaka maka ka tafi, ba ya ƙara maka birki. Birki aikinsa goga ƙarfe, gogar nan kuma zafi take haifarwa. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos, ko saukowa daga tsaunin Mambila, ko gangaren Ngaundere idan an nufi Garwa, direban da ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama yana dafa birkin ne. Sabon man birki irin wanda ake ce wa DOT 3 yana jure zafi har digiri 205, amma in ya tsufa ya sha laima, wajen digiri 140 ma yana iya tafasa. Da ya tafasa, sai ka taka ka ji ƙafa ta tafi ƙasa babu komai.

Nan ne birkin inji yake da amfani. Ba wani ƙarfe ba ne daban da ake takawa. Idan mota tana cikin giya ka ɗage ƙafa daga totur, lamarin sai ya juye: maimakon inji ya juya tayoyi, tayoyi ne ke juya inji. Shi kuma inji yana turjewa, don juya shi ba mai ba aiki ne mai wuya. Ƙaramar giya, wato ta ɗaya ko ta biyu, tana tilasta masa juyawa da sauri, turjiyar sai ta ƙaru. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, kuma tun a sama ake zaɓenta. A gangarar duwatsu ko mai santsi, L4 da giya ta ɗaya sukan sauko da mota a hankali kamar tafiyar raƙumi, kuma riƙon yana rabuwa a tayoyi huɗu, ba biyu ba. Birkin ƙafa sai ya zama na ɗan taimako, a taka a saki. Injin gas riƙonsa bai kai na fetur ba in girmansu ɗaya, shi ya sa ake ƙara wa manyan motoci wani birki a salansa.

Masu sa mota furi a gangara wai don tsimin mai, don Allah ku bari. Da ka sa furi ko ka danne kuloci, ka raba taya da inji, nauyin mota da na lodi duk ya koma kan birki. Tsimin ma babu shi: injunan zamani masu kwamfuta suna yanke mai idan ana gangara cikin giya ba totur, amma a furi dole su sha mai don kada su mutu. Wanda kuma ya kashe injin gaba ɗaya, sitiyari da birki duk sun yi masa tauri. Fasinja, in ka ji inji ya yi shiru mota tana ƙara gudu a gangara, ka yi magana. Ba rashin kunya ba ne.

Wani mai saurare ya tambayi babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ake zagaya gona ko garke da shi. Da yawansu bel ne ke ja, ba giya irin ta mota ba. In inji ya koma sulo, bel ɗin yakan saki, babur ya gangara kamar an sa furi, sai an ɗan ba shi wuta kaɗan ya sake kamawa. Wasu kuma tayoyin gaba ba sa shiga sai na baya sun zame, saboda haka a gangara na baya kaɗai ke riƙewa, bayan babur yana iya juyowa. Kafin ka saya, ka gwada shi a ƙaramar gangara ba lodi.