3.2 Lambobin Matsalar Injin Mota: Ma'anarsu da Yadda Ake Aiki da Su

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan lambobin da kwamfutar mota ke ajiyewa idan injin ya sami matsala, da kuma yadda ya kamata bakanike ya yi amfani da su wajen gyara.

Tun daga shekarar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa ƙananan motocin da ake sayarwa a ƙasar su kasance da tsarin binciken kai da ake kira OBD-II. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motoci masu shan fetur, sannan a 2004 ga masu shan gas. Da yake yawancin motocin da ke kan titunan Nijeriya na hannu ne da aka shigo da su daga waɗannan ƙasashe, tsarin ya zama abin da kanikawa ke cin karo da shi kullum. Idan fitilar gargaɗi ta injin ta kama, akan jona na'urar karatu a wani soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai lambar ta fito.

Kowace lamba tana da harafi ɗaya da alƙaluma huɗu. Harafin P na nufin injin da giya, B jikin mota, C ƙafafu da birki, U kuwa sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. Alƙalamin farko idan 0 ne, ma'anar lambar ɗaya ce a kowace mota. Idan kuwa 1 ne, to kamfanin da ya ƙera motar ne ya ba ta ma'ana. Alal misali, P0301 tana nuna cewa silinda ta ɗaya tana fashin wuta, P0302 kuma silinda ta biyu.

Abin lura a nan shi ne, lamba alama take nunawa, ba ta faɗin ainihin abin da ya lalace. Misali, P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa, alhali injin fetur yana buƙatar kimanin awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na mai. Wannan kan faru saboda tiyon iska ya tsage, ko famfon mai ya yi rauni, ko nozul ya toshe, ko kuma ƙurar hunturu ta rufe sansar da ke auna iska. Bakaniken da ya yi gaggawar canza sansar salansa don ita ta kai rahoto, ya jawo wa mai mota asara, matsalar kuma tana nan.

Saboda haka hanyar da ta dace ita ce a rubuta lambar tare da bayanan da kwamfuta ta adana a lokacin da matsalar ta auku, wato zafin injin da gudunsa. Daga nan sai a duba wayoyi da tiyo da ido, sannan a yi gwaji. Idan P0301 ce, a ɗauke koyil ɗin silinda ta ɗaya a mayar da shi ta biyu. In lambar ta koma P0302, koyil ne ya mutu. In ba ta canza ba, sai a duba fulogi da nozul. Bayan an gama gyara ne ake goge lambar, a zagaya da motar a ga ko za ta dawo.

Daga ƙarshe, goge lamba ba tare da gyara ba, ko cire kan batir don fitila ta mutu, rufe ciwo ne kawai. Haɗarin ya fi yawa idan fitilar tana ƙyaftawa, domin hakan na nuna ɗanyen mai yana shiga salansa, inda zai iya ƙona matatar hayaƙi, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa. A irin wannan hali wajibi ne direba ya rage gudu, ya kai motar gareji ba tare da jinkiri ba.