Ƙanƙara: Yadda Take Samuwa da Abin da Ke Cikinta

In ka taɓa ganin ƙanƙara ta zuba a farkon damana, to ka ga yadda yara ke rige-rigen tsintarta suna sa wa a baka. Wata rana ka ɗauki babba guda, ka raba ta biyu da wuƙa kafin ta narke. Za ka iske zobe-zobe a cikinta kamar na albasa, wani fari fat, wani garau kamar gilashi. Can tsakiya kuma akwai ƴar ƙwaya, wadda daga gare ta ne ƙanƙarar ta soma.

Yaya aka yi ruwa ya daskare a sama alhali mu a ƙasa zafi ya dame mu? Amsa ita ce, in ana hawa sama sanyi ƙaruwa yake yi. Duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri shida da rabi. A ƙasashenmu, daga wajen kilomita 5 zuwa sama, sanyin ya isa ya daskarar da ruwa. Hadari mai tsawa kuwa, kansa yakan kai kilomita 12 ko 15.

Amma akwai abin mamaki a nan. Ɗigon ruwa ɗan mitsitsi, in tsabtatacce ne sarai, ba ya daskarewa da wuri. Yana iya zama ruwa har sanyi ya kusa digiri 40 ƙasa da sifiri. Sai ya samu wani abu da zai maƙale wa, sannan ya daskare da sauƙi. Wannan abu shi ne ƙura da sauran tarkacen da ke yawo cikin iska, waɗanda ido ba ya gani. Mu dai ba baƙin ƙura ba ne. Kowa a Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san jan bangon ƙurar da ke tasowa daga gabas gaban hadari. Garin yumɓu da na duwatsu irin wannan yana cikin abubuwan da suka fi taimaka wa ruwa daskarewa a cikin girgije.

Ba ƙura kaɗai ba. A shekara ta 2009 an yi ruwan ƙanƙara a ƙasar Sulobeniya ta nahiyar Turai. Masana suka tattara ta, suka bincika, suka iske ƙwayoyin halitta masu rai a ciki, irin waɗanda ke zama a ƙasa da kan ganyaye. Iska ce ta kwashe su ta kai su sama.

To, daga nan yaya ƴar ƙwaya take girma? In rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi da laima tana tashi sama da ƙarfi ta tsakiyar hadari. Ita ce ke riƙe ƙwayar, ta hana ta faɗowa. Tana nan a rataye, ɗigon ruwa masu tsananin sanyi suna ta bugunta suna daskarewa a jikinta. Inda sanyi ya yi tsanani, ɗigon yana daskarewa nan take, ya rufe iska a ciki, sai a samu farin zobe. Inda ruwa ya yi yawa, sai ya malale a jikinta ya daskare a hankali, a samu zobe garau. A da ana cewa kowane zobe alama ce ta hawa da sauka sau ɗaya. Yanzu an gane ba lalle ba ne: ratsa wurare dabam-dabam cikin girgijen ma ya isa.

In nauyinta ya fi ƙarfin iskar, sai ta faɗo. Ƙanƙara mai girman ƙwan zabuwa tana buƙatar iska mai hawa da gudun kusan kilomita 100 a awa. A shekara ta 1986, a Gopalganj ta ƙasar Bangaladash, an samu wadda ta ɗan ɗara kilo ɗaya, kuma mutane 92 suka rasu a wannan ruwa. A nan wurinmu ba kasafai take isowa ƙasa ba, domin ƙananan suna narkewa a hanya cikin iska mai zafi. Sau da yawa manyan ɗigon nan masu sanyi da ke fara sauka, ƙanƙara ce da ta narke.

Wadda ta iso kuwa, ɓarnarta ba kaɗan ba ce: tana yayyage ganyen gero, dawa da wake, tana kashe kaji, tana fasa kai. In ta same ka a gona, ka nemi ɗaki ko rumfa mai ƙarfi. In babu, ka durƙusa ka rufe kanka da kwando ko tabarma. Kada ka fake ƙarƙashin itace, saboda hadarin da ke kawo ƙanƙara shi ne mai kawo aradu. Ka kaɗa ƴan awaki da kaji cikin garka tun hadari bai iso ba.

Game da yara masu ci kuwa, a ganina ƙurar da ke cikin ƙanƙarar ba ita ce abin tsoro ba, domin kaɗan ce ƙwarai. Abin tsoro shi ne inda ta faɗa. Wadda aka tsinta a turken dabbobi ko bakin kwata ta riga ta kwashi ƙazanta, tana iya sa yaro zawo. In suna son su taɓa ta su gani, a tara musu a kwano mai tsabta bayan ta lafa.