Dorugu: Yaron ƙasar Kance da labarin tafiyarsa ya ƙi tsufa

A Icirnawa da sauran garuruwan yankin Matameye a jihar Damagaram, da wuya a sami gidan da ba shi da matafiyi. Da zarar an kammala girbin gero, matasa kan fita cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu har Aljeriya ko Libiya. Sai dai kaɗan ne suka san cewa ɗaya daga cikin tsofaffin labaran tafiya da aka rubuta da Hausa daga bakin ɗan wannan yanki ya fito.

Sunansa Dorugu. An haife shi a Dambanas, kusa da Kance, wajen 1840. Yana yaro aka kama shi bawa, aka raba shi da iyayensa, har ya tsinci kansa a Kukawa ta Barno. A can ne Bajamushe Adolf Overweg ya 'yanta shi tare da wani yaro mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a 1852, yaran suka bi Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, zuwa Tumbuktu, sannan suka ƙetare Sahara suka isa Ingila a 1855.

A Ingila, wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya rubuta abin da Dorugu ya ba shi labari da Hausa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Turanci.

Me ya sa har yau ake komawa ga wannan labari? Barth ya rubuta manyan kundaye kan sarakuna, kasuwanni da nisan zango. Shi kuwa Dorugu ya faɗi abin da tafiya ke yi wa mai tafiyar: rabuwa da dangi, ƙishirwa da fargabar hanya. Da ya isa Turai kuma sai reshe ya juye da mujiya, Bahaushe ne ke kallon Turawa yana bayyana yadda suke cin abinci da yadda suke zamansu.

Wasu sun bi sahunsa. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyararsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Su sun tafi ne da son ransu. Dorugu dole ce ta fitar da shi daga gida.

Har gobe mutanen yankin na ratsa wannan hamada. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da ƙananan yara, da dama daga ƙasar Kance. Duniya ta ji adadinsu, amma ba ta ji labarinsu daga bakinsu ba.

Dorugu ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, inda ya rasu a 1912. Labarinsa ya tsira ne saboda an sami wanda ya zauna ya saurare shi, ya rubuta. Masu dawowa daga cin rani a Icirnawa ma suna da nasu, suna zuba shi a majalisa da dandali kowace damina. Mai rubutawa kawai ake jira.