Jinga da Aikin Aji a Darussan Kimiyya da Zamantakewa na Makarantun Firamare

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba irin aikin da ake ba yaran firamare su yi, a aji da kuma a gida, a darussa guda biyu, watau kimiyya da nazarin zamantakewa. An zaɓi waɗannan biyun ne domin su ne darussan da kayan aikinsu ke zube a tsakar gida da kasuwa da gona, amma kuma su ne aka fi mayarwa darussan hadda.

Kafin a shiga cikin magana sosai, ya kamata a ɗan tsaya a kan sunan abin. Da yawa daga cikin malamai suna cewa "aikin gida", wanda fassara ce kai tsaye daga Ingilishi. To, amma a kunnen Bahaushe aikin gida shi ne shara da wanke-wanke da daka da ɗiban ruwa. Yarinyar da ta ce wa uwarta tana da aikin gida, ba abin mamaki ba ne a miƙa mata tsintsiya. Saboda haka malaman Hausa suka fi son kalmar jinga. Asalin jinga kuwa ita ce a yanka wa mutum wani aiki, kamar noman wani yanki na gona ko yaɓen ɗaki, a yi tsada, ya je ya yi shi a lokacin da ya ga dama, ya dawo a duba a sallame shi. Kalmar ta dace ƙwarai, domin tana ɗauke da sharuɗɗa uku: aikin yana da iyaka, mai yin sa yana iya yin sa shi kaɗai, kuma akwai wanda zai duba. Duk jingar makarantar da ta rasa ɗaya daga cikin ukun nan, to, sunan jinga kawai gare ta.

Waɗannan darussa biyu ba su daɗe a tsarin karatun firamare da irin kamannin da aka san su da shi ba. A zamanin Turawa abin da ake koyarwa shi ne nazarin halittu da tsabta da labarin ƙasa da tarihi, kuma a elementare ta ƙasar Hausa da Hausa ake koyar da su. Littafin Ikon Allah, wanda Dokta R. M. East da Alhaji Abubakar Imam suka rubuta, shaida ce cewa an yi bayanin tsirrai da dabbobi da sararin sama da Hausa mai daɗi tun kafin samun mulkin kai. Bayan samun mulkin kai ne aka shiga neman sabon salo. A 1965 aka yi wani taro a Kano wanda daga gare shi shirin koyar da kimiyya a firamaren ƙasashen Afirka ya samo asali. A 1968 aka yi makamancinsa a Mombasa ta ƙasar Kenya a kan nazarin zamantakewa, sa'an nan a 1969 aka yi babban taron ƙasa a Legas a kan manhajar karatu. A farkon shekarun 1970 kuma Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa, da taimakon UNICEF da UNESCO. Dukkan waɗannan sun haɗu a kan magana ɗaya: yaro ya taɓa da hannunsa, ya gani da idonsa, ya yi tambaya, kana ya rubuta abin da ya gano. Gani ya kori ji ke nan.

Sai dai abin da aka rubuta a manhaja daban, abin da ya isa aji daban. Da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara suka yi ambaliya cikin makarantu fiye da yadda aka ƙiyasta, aka ɗebo malamai da gaggawa, waɗansu horon da suka samu bai taka kara ya karya ba. Malamin da ya sami kansa gaban cincirindon yara, ba kayan aiki, ba isasshen littafi, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa. Tun daga nan kwafar rubutu ta zama ita ce aikin aji, haddace shi kuma ya zama jinga, kuma har yanzu ba a rabu da wannan ɗabi'a ba. Za a tarar da ɗan aji huɗu yana rera ma'anar iyali ko ma'anar tsiro da Ingilishi ba gargada, amma in an ce ya faɗi abin da ya rera da harshen da ya tashi da shi, sai ya yi zuru. Idan ya kai jingar gida, uwarsa, wadda ta san sunan kowane ganye a bayan gari da amfaninsa, ba ta da abin da za ta ce masa. A ƙarshe wani yayansa na sakandare ya rubuta masa, ko a duba a wayar hannu a kwafo. Malam ya ba da maki goma bisa goma, ba wanda ya koyi kome.

Hasarar da ke cikin wannan ta wuce ta maki. Yaron yana koyon darussa biyu da ba a rubuta a manhaja ba. Na farko, cewa kimiyya wasu kalmomi ne masu wuyar faɗa da ake ajiyewa a ka har ranar jarrabawa. Na biyu, wanda ya fi muni, cewa abin da iyayensa suka sani ba ilmi ba ne.

Alhali kuwa gidan Bahaushe cike yake da kayan gwaji. A ɗauki randa alal misali. Kowane yaro ya san ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, amma ba safai ake tambayarsa dalili ba. Jinga a nan ita ce ya shafa bayan randa da bayan bokiti da tsakar rana, ya faɗi wanne ne da danshi, ya kuma tambayi uwarsa abin da ya sa ake girke randa a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kashegari sai malam ya ɗora: yumbu yana da ƙananan ƙofofi, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe yana tafiya da wani kaso na zafin abin da ya baro. Shi ne dalilin da gumi ke sanyaya jiki, kuma shi ya sa randa ta fi sanyi lokacin da iska take a bushe, ta rage sanyi da damina. A kan wannan ka'ida ce Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu don adana tumatir da alayyahu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Haka kuma zoɓo. A raba jiƙon zoɓo kashi uku a kofi, a matsa lemun tsami a ɗaya, a ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, a bar na ukun yadda yake. Na lemu zai ƙara ja, na kanwa zai juya ya yi duhu mai ratsin kore. Wannan shi ne gwajin da ake yi da takardar litmos a ɗakin gwaji don bambance abu mai tsami, watau asid, da kishiyarsa. Ita kishiyar tasa masana kimiyya suna kiranta alkali, ba alƙalin kotu ba, kalmar kuwa daga Larabci Turawa suka aro ta, inda take nufin tokar wasu tsirrai. Matar da take sa kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta riga ɗanta sanin aikin, sunan ne kawai ba ta sani ba. Yaron da ke Kano kuwa ana iya aikensa marinar Ƙofar Mata ya tsaya ya ga yadda zane ke fitowa daga karofi kore-kore, sa'an nan ya rikiɗe ya zama shuɗi a idonsa da zarar iska ta buge shi.

Wadda ta fi duka arha ita ce jingar inuwa. Yaro ya kafa kara a tsakar gida, ya auna inuwarsa da taƙi ko da ɗani da hantsi da tsakar rana da la'asar, ya riƙa rubutawa. Ladanin unguwa zai iya gaya masa cewa da inuwa magabata suke gane shigar azahar da la'asar tun ba a san agogo ba. Idan aka ci gaba da awon har shekara, ajin zai gano wani abu da littafin da aka rubuta don yaran Ingila ba zai gaya musu ba: a Kano rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen 22 ga Afrilu da wajen 21 ga Agusta, kuma tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran watanni kuwa arewa.

A nazarin zamantakewa abin ya fi fitowa fili, domin darasin a kan rayuwar yaron kansa yake. Littattafai da dama suna fara bayanin iyali da uba da uwa da 'ya'yansu, sauran dangi kuma a tara su a ƙarƙashin kalmomi biyu ko uku na Ingilishi. Shi kuwa yaron ya fito daga gidan da ake bambance baffa da kawu, gwaggo da inna, ɗan uba da shaƙiƙi, ya san wanda yake taubashinsa da wanda ba ya iya faɗar sunansa. Idan aka ce ya je ya zana mutanen gidansu, ya rubuta abin da yake kiran kowa da dalili, to, kakarsa ce za ta zama littafinsa. Haka nan tsarin mulki: maimakon ya haddace matakan gwamnati, ya tambayo wane ne mai unguwarsu, wane dagaci yake bi, wane hakimi, kuma wace irin magana ake kai wa mai unguwa, wace iri ake kai wa kansila. A darasin kasuwanci ya tambayi mai sayar da goro ko manja daga ina kayansa suke zuwa, sai ga taswirar Nijeriya ta fito da kanta. Gayya da adashi kuwa sun ishi malam misalin haɗin kai. Daga nan ne ake hawa zuwa ga Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa na ƙarni na 15, sa'an nan sauran ƙasa.

Wani zai ce duk wannan daɗin baki ne, domin yaran ba su da lokaci. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Yaro yana tashi daga boko ya wuce Islamiyya ko makarantar allo, yarinya ga talla ga raino, da dare kuma ba lallai a sami wuta ba. To, amma wannan hujja ce a kan jingar rubutu mai shafi uku, wadda take bukatar fitila da tebur da shiru. Shafa bayan randa ko yi wa mai goro tambaya ɗaya ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu, mai talla ma ta fi kowa damar yin ta biyun. Bugu da ƙari, Harris Cooper na Amurka, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan jinga a 1989, ya sake a 2006, ya tarar cewa a matakin firamare dangantakar yawan jinga da ƙoƙarin yaro rarrauna ce, sai a sakandare take ƙarfi. Makarantun kuɗi da suke ɗora wa ɗan shekara bakwai jakar da ta fi ƙarfinsa don iyaye su ga ana aiki, ya kamata su san da wannan. Batun dubawa ma yana da sauƙi: malam ba ya iya bin littafi ɗari kowace safiya, amma yana iya tsayar da yara biyar su faɗi abin da suka gano, a rubuta a allo, a yi gardama a kai.

Saura batun harshe, wanda a kansa kome ya rataya. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyarwa a firamare da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, kana a koma Ingilishi daga baya. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci har shekara shida, Ingilishi kuma a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su koma baya a Ingilishi ba, sun kuma yi kyau a sauran darussa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Ingilishi. Ko da wane harshe aka tsayar a aji, ita jinga a gida ake yin ta, gida kuwa ba ya sauya harshe don sanarwa. Yaro zai yi tambayarsa da Hausa, a ba shi amsa da Hausa, aikin malam ne ya karɓi amsar yadda ta zo, sa'an nan ya ba shi kalmar Ingilishi ya rataya a kan abin da ya riga ya fahimta.

Wannan yana jawo wata matsala da ta shafi ma'aikatan ilmi kai tsaye, musamman masu duba makarantu da masu tsara jarrabawa. Mai duba makaranta da ya zo ya ƙirga shafukan da yara suka kwafa, ya yaba wa wanda littattafan ajinsa suka fi cika, ya riga ya gaya wa malami abin da ake so daga gare shi. Ga kuma jarrabawa. Littafi yana cewa lokutan shekara a Nijeriya biyu ne, damina da rani. Yaron da aka aika ya tambayi kakansa manomi zai dawo da huɗu ko biyar: bazara, damina, kaka, hunturu, rani, kowanne da iskarsa da aikinsa da cutarsa. Amsar kakan ta fi ta littafin cika game da ƙasar Hausa, amma in yaron ya rubuta ta a takardar jarrabawa, mai makin yana riƙe da takardar amsoshi da ta ce biyu, jan biro kuma yana hannunsa.